Gwaggo a Tsibiri, aiki a Abuja

Duk saurayin Sabon Birni ko Isa da ya nemi aikin soja, ko na shige-da-fice, ko na hukumar tsaro ta farin kaya, sai ya bi ta matakin tantancewa. A duba takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, a nemi wanda zai tsaya masa, a binciki iyaye da asali. Nan ne gaban wasu ke faɗuwa. Gwaggo tana aure a Tsibiri, kawu yana awon hatsi a Maraɗi, duk a Nijar. A faɗa ne, ko a yi gum?

Amurkawa sun rubuta nasu tsarin dalla-dalla. Mai neman izinin ganin sirrin gwamnati yakan cike fom mai suna SF-86, ya lissafa iyaye da 'yan'uwa da surukai, da inda kowa yake zaune. Samun dangi a waje kaɗai ba ya kayar da mutum. Abin da suke aunawa shi ne ko wata gwamnati za ta iya matsa wa ɗan'uwan nan har ma'aikaci ya saki baki. Wanda ya ɓoye kuwa, aka gano, shi ya fi shan ƙasa.

To amma a Gobir, ina ne wajen? Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana ƙasar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Sai daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka, tsakanin 1898 da 1906, layin ya ratsa gida ɗaya. Daga 2019 kuma 'yan bindiga suka kori dubban mutanen yankin zuwa jihar Maraɗi. Tambayar dangi a waje, wadda kusan kowa a nan zai amsa da e, ba ta tace kowa ba.

Doka ma ba ta ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yanci ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Sai dai tsoron mutanen iyaka ba na banza ba ne. A 1980 gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyar Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi da cewa baƙo ne, sai kotu ce ta mayar masa da haƙƙinsa. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya sun sake tayar da irin wannan kallon.

A ganina masu tantancewa su riƙe tambayar Amurkawa, su sauya inda suke dubawa. Wa ke iya murɗe wa wannan yaro hannu? Gwaggon Tsibiri tana daka gerorinta lafiya. Mahaifinsa kuwa yana wani ƙauyen Isa, cikin Nijeriya, inda ba a shiga gona sai an biya yaran ɗan bindiga Bello Turji haraji, kuma lambar wayar ɗansa tana cikin aljihunsa.