Hanibal da Basko da Gama: Wa Ya Fi Sauya Duniya?

In ana zancen mazajen tarihi, hankali kan fara zuwa ga mai takobi. Amma ɗan kasuwa yana da nasa ma'auni: wa ya sauya hanyar da kaya ke bi? Bari mu ɗora mutum biyu a wannan sikeli.

Hanibal sarkin yaƙi ne na Kartaj, birnin fatake da ke bakin teku a Tunisiya ta yau. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ya taso daga Sifaniya da dakaru da giwaye 37, ya ƙetare duwatsun Alps, ya far wa Rumawa har gida. A Kannai, a shekara ta 216, ya yi wa rundunar da ta fi tasa yawa zobe ya murƙushe ta, dabarar da har yau ake koyarwa a makarantun soja. Shekara 15 ya yi a Italiya, amma birnin Rum ya gagare shi. Aka ci shi a Zama a 202, Rumawa kuma suka rushe Kartaj a 146.

Shi kuwa Basko da Gama, mutumin Fotugal, jirage huɗu kawai ya ɗauka daga Lisbon a 1497. Ya zagaya ƙarshen Afirka ta kudu, ya samu jagora a Malindi ta Kenya, ya sauka Kalikut ta Indiya a watan Mayun 1498. Kafin nan, masoro da kanumfari sai sun ratsa Bahar Maliya da Masar kafin su kai Turai, kowane dillali na cin rabonsa. Sabuwar hanya ta tsallake su. Ba za a manta da zaluncinsa ba: a 1502 ya ƙona wani jirgi cike da alhazai masu dawowa daga Makka.

Mu ma abin ya taɓa mu. Tun 1482 Fotugal ta gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana, zinariya ta fara karkata zuwa teku. Ayarin raƙuma bai mutu nan take ba, don an ci gaba da fatauci tsakanin Kano da Tarabulus har farkon ƙarni na 20. Amma a yau shinkafa da atamfar da ke kasuwannin iyaka, yawancinsu ta jirgin ruwa suke shigowa Afirka.

A jarunta, Hanibal ne gaba. A sauya duniya kuwa, mai jirgi ya sha gabansa. Don haka ɗan kasuwa ya riƙa sa ido kan hanya: duk ranar da ta kauce, ciniki binta yake yi.