Daga Sokode zuwa Dapaong: wace burauza ce ta fi sauri, kuma yaya ake rage mata nauyi?

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Dapaong ya kira ni da dare, rai a ɓace. Yana son neman takardar shaidar rashin laifi, wadda ake kira casier judiciaire, domin haɗa takardun shiga gasar ɗaukar ma'aikata, ga shi wa'adi ya kusa cika. Ya sayi data har sau biyu, shafin yana buɗewa rabi ya tsaya. Shi dai ya yanke hukunci cewa rezo ne ba kyau. Da na sa ya duba, sai muka tarar da shafuka fiye da hamsin a buɗe cikin burauzarsa, ma'ajiyar wayar ta cika da bidiyon WhatsApp, wasu manhajoji kuma suna sabunta kansu a ɓoye. Da muka share waɗannan, a daren ya gama aikinsa.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a zangunanmu. Yanzu da hukumomin Togo suka mayar da ayyuka da dama kan shafin service-public.gouv.tg, jinkirin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, yana iya jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar dama.

A fara gano inda matsalar take

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba da saurin da ka gani a waya: hanyar sadarwa, ƙarfin na'ura, sai ita burauzar. Togo ce ƙasar Afirka ta farko da wayar ƙarƙashin teku ta Equiano, mallakar Google, ta sauka a cikinta, a Lome, cikin watan Maris na 2022. Kamfanin Togocom, wanda ya koma Yas a watan Nuwamban 2024, ya ƙaddamar da 5G tun 2020. Amma daga Lome zuwa Sokode akwai fiye da kilomita 300, zuwa Dapaong kuwa fiye da 600, kuma abin da ke isowa wayarka ya danganta da eriyar da ke kusa da kai da yawan mutanen da ke kanta a wannan sa'a.

Don haka kafin ka zargi burauza, buɗe fast.com ko Speedtest ka auna hanyar. Ka lura cewa ana ba da sakamakon da megabit, kuma megabit 8 ne ke yin megabayit 1, wato "mega" ɗin da ake cire maka daga data. Kada ka yawaita awon, shi ma yana cin mega. Idan kana da layin Yas da na Moov Africa, gwada kowanne a wuri ɗaya, da safe da kuma bayan isha'i. In awon ya nuna hanya lafiya lau amma shafuka na jan ƙafa, to matsalar tana cikin wayar.

Sunaye da yawa, injuna uku

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk burauzojin duniya kan injuna uku suke tafiya. Chrome, Edge, Opera, Brave da Samsung Internet duka suna amfani da injin Blink na tsarin Chromium. Edge ma ya koma kansa ne a watan Janairun 2020. Firefox na da nasa injin mai suna Gecko, Safari kuma WebKit. A kan iPhone, a ƙasashenmu, ko wace burauza ka sauke WebKit ce ke aiki a ƙarƙashinta. Shi ya sa sauya Chrome da wata 'yar uwarta sau da yawa ba ya kawo bambancin a zo a gani: mota ɗaya ce aka sake wa fenti.

Akwai ma'auni mai suna Speedometer, wanda Apple, Google, Microsoft da Mozilla suka haɗu suka fitar da zubinsa na 3 a watan Maris na 2024. Sai dai shi yana auna yadda na'ura ke sarrafa shafi ne bayan ya iso, ba ya auna rezo. Ga mai ƙaramar Tecno ko itel mai RAM giga 2, abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin abin da ake saukewa. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura mega 2, yawancinsa hotuna ne, tallace-tallace da ƙananan shirye-shiryen da ke bibiyar mai karatu.

A nan ne bambancin gaskiya yake. Opera Mini tana fara aika shafin zuwa kwamfutocin kamfaninta, su matse shi, sannan su turo maka, kuma kamfanin na cewa ana iya rage data har kashi 90 cikin 100. Ga karanta labarai inda rezo ya yi rauni, a ƙauyukan Tchaoudjo ko a hanyar Mango, da wuya a samu wadda ta fi ta. Amma idan aka sa matsewar a mataki mafi tsanani, shafukan cike takardu da na biyan kuɗi kan ƙi aiki daidai. Chrome ta taɓa samun irin wannan tsari, amma Google ya cire shi a watan Maris na 2022, da fitowar zubi na 100, don haka kada ka wahala nemansa. Brave tana toshe talla da kanta. Firefox ta Android kuwa tana karɓar ƙarin manhaja mai suna uBlock Origin, wadda ke yin wannan aiki.

Gwaji da hannunka

Gani ya kori ji. Zaɓi shafuka uku da ka saba da su: na labarai, na hukuma, da wani mai hotuna da yawa. Rufe sauran manhajoji, ka buɗe kowane shafi sau uku a kowace burauza, kana duba agogo. Kada ka dogara da buɗewar farko kaɗai, domin a karo na biyu burauza ta riga ta ajiye wasu sassan shafin. Daga nan shiga saitin waya, sashen da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci, ka kwatanta. Burauzar da ta yi nasara a wayar maƙwabcinka ba lallai ta yi a taka ba.

Gyare-gyaren da ke aiki a waya

Da yake yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, zan ambaci sunayen yadda suke a allo.

Na farko, rufe shafukan da ba ka amfani da su, ka kuma bar sarari a ma'ajiya. Waya da ta cika maƙil ba ta da wurin ajiye fayilolin wucin gadi, komai sai ya yi nauyi.

Na biyu, a Chrome shiga Paramètres, sannan Confidentialité et sécurité, ka nemi Précharger les pages. Wannan tsari yana sauke shafukan da yake zaton za ka buɗe tun kafin ka taɓa su. Ga mai wifi alheri ne, ga mai sayen data ta kwana ɗaya kuwa ɓarna ce. Kashe shi.

Na uku, kunna Économiseur de données a saitin Android, sannan a Play Store ka sa sabunta manhajoji ya zama ta wifi kawai.

Na huɗu, duba Paramètres des sites, sashen Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Da yawa daga saƙonnin "wayarka ta kamu da cuta" daga nan suke fitowa.

Na biyar, daina goge cache kullum. Nan ne burauza ke ajiye hotuna da sassan shafukan da ka saba ziyarta. Duk lokacin da ka share, sai an sake sauke su da kuɗinka. A yi hakan ne kawai idan shafi ya rikice ko wuri ya ƙare.

Ga masu kwamfuta

Masu shagunan buga takardu da malaman makaranta su shiga Paramètres na Chrome, sashen Performances, su kunna Économiseur de mémoire, wanda ke kwantar da shafukan da aka bari. Edge na da makamancinsa. Danna Shift da Esc tare a Chrome yana nuna shafi ko ƙarin manhajar da ke cinye ƙwaƙwalwa, sai a cire wanda ba a buƙata. A Firefox, rubuta about:support a wurin adireshi, akwai maɓallin da ke mayar da ita sabuwa ba tare da rasa kalmomin sirri ba.

Tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana na hannu suna da wata matsalar. Chrome ta tsaya a zubi na 109 kan Windows 7 tun farkon 2023, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Burauzar da ba a sabuntawa ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Idan akwai hali, ƙara RAM ko sa faifan SSD ya fi duk wani gyaran saiti tasiri.

Hattara da masu alƙawarin sauri

Sauri ya kan haifi nawa. Manhajojin da ke cewa za su "wanke" waya ko su ninka saurin intanet galibi talla suke ƙarawa, wasu ma suna neman izinin karanta saƙonni. Wayar da kake karɓar kuɗi da ita ta Flooz ko Mixx by Yas ba wurin gwaji ba ce. Kada ka karɓi burauzar da aka turo maka ta Xender ko WhatsApp, sauke ta daga Play Store.

Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su riƙe burauza biyu: mai matse data domin karatu da labarai, da Chrome ko Firefox da aka sabunta domin takardun hukuma da duk abin da ya shafi kuɗi. Kuma idan takarda tana da wa'adi, a cike ta da sassafe, lokacin da mutane ba su yi wa eriya yawa ba, kada a bari sai daren ƙarshe.