Shirin Kaya Don Tafiya a Jirgin Ruwa

Tafiya a kan teku ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da su ka tafi hajji ta ƙasa su kan ratsa Cadi da Sudan, su shiga jirgin ruwa a Sawakin, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Ɗalibanmu na farko da su ka tafi Ingila su ma da yawa ta ruwa su ka bi daga Ikko, tafiyar kamar mako biyu. Wani jirgi mai suna Aureol ya yi wannan jigila daga 1951 har 1974.

Yanzu akwai waɗansu manyan jirage na yawon buɗe ido. Mutum ya kan kama ɗaki a ciki, ya ci a ciki, ya kwana a ciki, jirgin yana tsayawa gari gari. Su na da yawa a Bahar Rum, kuma a 2021 irinsu su ka fara tashi daga Jidda. Saboda haka mai yiwuwa ne wata rana wani daga cikinmu, ko ɗansa, ya shiga. To, bari mu koyi yadda a ke shirya kaya, gama shirin zaune ya fi na tsaye.

Girman akwati

Abu na farko, mu tuna ba daga ƙofar gida za mu shiga jirgin ruwa ba. Sai mun hau jirgin sama ya kai mu bakin teku. Masu jirgin ruwa ba su cika tsanantawa a kan nauyi ba, amma masu jirgin sama su na auna kome. Don haka dokarsu za mu bi.

Yawancin kamfanonin jirgin sama su na yarda da akwati mai nauyin kilo 23. Buhun siminti kilo 50 ne, watau akwatinmu kada ya kai rabin buhu. Girmansa kuma, in an haɗa tsawo da faɗi da kauri, kada ya wuce santimita 158, watau inci 62. Mu ari abin awon tela mu gwada tun a gida. Wanda kayansa su ka zarce, sai ya biya kuɗi mai yawa, ko kuwa ya zubar da rabinsu a gaban jama'a. Kamfani ya bambanta da kamfani, don haka mu sa a karanta mana abin da a ka rubuta a tikitinmu, ko mu karanta da kanmu tun da yanzu mun iya.

Abu na biyu, ɗakin jirgi ƙarami ne. Gado da ɗan kabad da makewayi sun cinye shi. Wurin ajiye akwati shi ne ƙarƙashin gado. Adaka ta ƙarfe irin ta amare ba ta shiga nan, sai ta tare hanya mu yi ta tuntuɓe. Akwati matsakaici mai taya, guda ɗaya ga kowane mutum, ya isa tafiyar kwana bakwai. Jakar bakko ba ta yi, domin ta kan fashe in an jefa ta.

Jakar hannu

Wannan ita ce ta fi muhimmanci. Da mun isa tashar jiragen ruwa, ma'aikata za su karɓi manyan akwatuna. Fasinja dubbai ne, saboda haka akwati ya kan yi sa'o'i kafin ya iso ƙofar ɗakinmu. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya sa maganinsa a babban akwati ya jawo wa kansa wahala. Wanda ya sa fasfonsa a ciki kuwa, ba za a bar shi ya shiga jirgi ba.

Ga abin da za mu sa a jakar hannu: fasfo, da biza, da tikiti, da katin allurar ciwon shawara, da kuɗi, da waya da abin cajinta, da magani, da tufafi na canji ɗaya. Magani ya zauna a kwalinsa, tare da takardar likita, kuma ya zarce kwanakin tafiya, ko da za a yi jinkiri. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Nauyin jakar kada ya wuce kilo 7.

Tufafi

Mu ƙirga kwanaki, sa'an nan mu ƙirga tufafi. Kwana bakwai ba ya bukatar riga ashirin. Akwai wurin wanki a jirgi, ko da ya ke a kan biya. Babbar riga ɗaya ta isa don zaman cin abinci na dare. Mu ɗauki rigar sanyi ko mayafi mai kauri, gama iskar teku ta na da sanyi da dare, ɗakuna kuma akwai na'urar sanyaya wuri. Takalmi ya zama mai ƙasan roba, domin daɓen jirgi ya kan jiƙe ya yi santsi.

Kada mu manta da darduma da 'yar buta ta roba. Jirgi ya na juyawa, alƙibla ta na sakewa, saboda haka abin nuna alƙibla ya na da amfani. Wanda tangaɗin jirgi ke sa shi jiri da amai, ya nemi magani wurin likita tun kafin ya tashi.

In za mu shirya, masu nauyi su ne a ƙasa wajen taya. Tufafi mu naɗe su kamar tabarma, sun fi cin wuri kaɗan. Man shafawa da turare mu ɗaure su a leda. Mu bar wuri don tsaraba. Mu rubuta sunanmu a waje da cikin akwati, mu ɗaura masa ƙyalle mai launi don mu shaida shi.

Abin da a ka hana

Babu abin da matuƙa jirgi ke tsoro kamar gobara, domin a tsakiyar teku ba wurin gudu. Saboda haka an hana dutsen guga, da risho, da kyandir, da kaskon turaren wuta. In an gan su a wurin bincike, za a karɓe. In ta Jidda za mu bi, mu tuna hukumar alhazai ta kan yi gargaɗi kada a shiga Saudiyya da goro.

Sa'an nan kada mu karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da ɗan'uwa ne, sai mun buɗe mun gani. Abin da a ka samu a akwatinka naka ne a gaban shari'a. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi ya kan kai kisa.

Ranar sauka

Daren ƙarshe a kan ce kowa ya fitar da babban akwatinsa ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe. Kafin mu fitar, mu ware tufafin da za mu sa da safe, da takalmi, da takardunmu. In mun manta, sai mu sauka da kayan barci.

Tambayoyi

1. Kilo nawa yawancin jiragen sama ke yarda wa akwati ɗaya?
2. Don me ba a sa magani a babban akwati?
3. Faɗi abu uku da a ka hana shiga da su jirgin ruwa.