Bayan Harbi Sai Ɗauka: Yadda Maharban Amurka Ke Fitar da Barewa Daga Daji

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu saurare ba, ko suna hanyar kasuwa ko suna bayan garke.

Idan dabba mai nauyi ta faɗi a tsakiyar daji, inda mota ba ta shiga, yaya za ka yi ka kai namanta gida bai lalace ba, kai ma ba ka ji ciwo ba? Mun ɗauko misali daga maharban Amurka, don kuwa a can duk shekara ana harbin barewa mai farar wutsiya kusan miliyan 6, da lasisi, a lokacin da hukuma ta ware, galibi daga Oktoba zuwa Disamba. Kada ka kwatanta ta da 'yar barewarmu ta Sahel da saurayi zai saɓa a kafaɗa. Namijin tasu yakan kai kilo 70 zuwa 100, har ya wuce. Akwai kuma babbar 'yar'uwarta da suke kira elk, wadda namijinta kan haura kilo 300, kamar matsakaicin bijimi. Shi ya sa maharbansu kan ce da zarar an harba, wasa ya ƙare, aiki ya soma.

Kafin a ɗaga ta, akwai abu biyu. A jihohi da yawa dole maharbi ya fara liƙa mata 'yar takardar shaida daga lasisinsa. Na biyu, ya farke cikin nan take ya zubar da tumbi da hanji, yana kiyaye kada wuƙa ta huda su ko ta fasa mafitsara. Wannan kaɗai yana rage wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin. Amma babban dalilin shi ne zafi. Jikin dabba da ɗuminsa yake faɗuwa, kayan ciki su ne ke riƙe ɗumin, ƙwayoyin da ke ɓata nama kuwa suna hayayyafa da zarar zafi ya wuce digiri 4. Sai a tokare haƙarƙari da ɗan itace don iska ta ratsa.

Hanya mafi tsufa ita ce ja a ƙasa. Ana ɗaura igiya a gindin ƙahoni, ko a wuya idan macen ce, ɗayan bakin kuma a ɗaura shi a tsakiyar guntun sanda mai kauri. Sandar ake kamawa, don igiya tsirara tana yanka hannu. Kai ne ke gaba kullum, saboda gashi ya bi kwanciyarsa. Ka ja ta baya, gashin zai riƙa turjewa, ƙafafu kuma su buɗe suna kama kowane kututture. Ƙafafun gaba ana naɗe su a ɗaure a bayan kai. Igiyar kada ta yi tsawo, domin gajera tana ɗan ɗaga kai da ƙirji daga ƙasa, jan ya yi sauƙi.

To amma a nan akwai haɗarin da ba a gani. Likitoci a jihar Mishigan sun taɓa sa wa maharba na'urar auna bugun zuciya, suka tarar jan barewa na iya kai zuciya iyakar ƙarfinta. Dattijo mai hawan jini, wanda ya shekara a zaune, ya tashi rana ɗaya yana jan kilo 80 zuwa kan tudu, ka ga ai ya ɗauko wa kansa. Shawarar da ake ba su: ja kaɗan, tsaya ka huta, ka sha ruwa, kuma ka kira ɗan'uwa ya kama maka.

Masu dabara sukan shimfiɗa tamfol mai kauri, ko wani faranti na roba mai kama da ƙaramin kwalekwale, su mirgina barewar a kai su ɗaure. Yana sulɓi a kan ciyawa da laka, a kan ƙanƙara kuwa kamar ba ka ja komai ba. Ga shi ƙasa ba ta shiga cikin da aka farke. Inda akwai turba, sai 'yar kura mai taya biyu wadda ake naɗewa. Sirrinta, kamar yadda duk mai tura kura a kasuwar iyaka ya sani, nauyi ya zauna daidai kan tayoyi. Ya yi gaba da yawa, hannunka ne zai ɗauka. Ya yi baya, ta ɗaga ka. Masu hali kuma suna da babur mai ƙafa huɗu.

Mutum biyu na iya rataya ta a doguwar sanda su ɗauka a kafaɗa, amma sai an ɗaure gangar jikin da kan sun manne da sandar. Idan ƙafafu kawai aka ɗaure, tana lilo, kowane taku sandar na cin kafaɗa. Ɗauka a wuya kuwa, irin yadda kake saɓa ɗan maraƙi, hana su ake yi. Me ya sa? Dajin cike yake da wasu maharba. Wani ya hango ƙaho yana tafiya a cikin duhuwa, sai ya saki harsashi. Shi ya sa jihohi da dama suka wajabta sa tufa mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, wasu maharban har su ɗaura ƙyallen a ƙahon.

A duwatsun yammacin ƙasar lissafin ya canza. Dokar 1964 ta keɓe wasu dazuzzuka inda ba a yarda da mota ko babur ba, kai, ko kura mai taya ba ta shiga. Nan sai fiɗa a wurin. A cire cinyoyi biyu, ƙafafun gaba biyu, naman gadon baya da na wuya, a zuba a buhunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa. Ban da leda, domin leda tana dafa nama mai ɗumi. Daga nan ko mutum ya goya a baya, sawu uku ko huɗu, ko a ɗora wa doki da alfadari. Dokar labtu dai ita ce wadda ka sani a mangalar jaki: cinya a dama, cinya a hagu, kada ɓangare ya rinjayi ɓangare, kuma kada kaya su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dabbar. A tsaunukan Sikotland ma, a ƙasar Birtaniya, har yau wasu na sauko da barewa sukutum a bayan gajerun dawakai masu ƙarfi, a kan sirdin da aka ƙera musamman don haka.

Yanzu ga inda maganar ta shafi 'yan kasuwar iyaka. Akwai wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa, tana rame ta har ta mutu. Suna taƙaita sunanta da CWD. An fara ganin ta a jihar Kolorado a 1967, yau ta shiga jihohi fiye da 30, tana Kanada, a 2016 kuma ta ɓulla a Norwe. Ba magani, ba rigakafi. Abin da ke ɗauke da ita ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Don haka jihohi da yawa suka hana a shigo musu da gawar barewa sukutum daga inda cutar take. Tsokar da aka raba da ƙashi ta wuce, fata ta wuce, amma kai da ƙashin baya su tsaya. Ka ga ke nan idan likitan dabbobi ya tsare ka a bakin iyaka yana neman takardar rigakafin shanu, ba a kanmu kaɗai ake yi ba. Cuta ba ta da fasfo, a bayan mota take tsallakawa.

Ba muna cewa ku shiga farauta ba ne. Barewarmu ta yi ƙaranci, kuma a wurare irin su gandun W, Termit, Waza, Zakuma da Yankari, harbi laifi ne mai kai mutum gidan kaso. Amma wane makiyayi ne bai san ranar da saniya kan faɗa rami ta karye, a yanka ta don kada ta zama mushe, ga rana ta take, ga gari da nisa? Su can sanyi na taimakonsu; mu nan awoyi kaɗan muke da su. Ka fitar da kayan ciki nan take. Ka ja ta inuwa, ka feɗe, ka rarraba, fatar ta zama shimfiɗa. Ka tura yaro ya kirawo jaki ko amalanke ko mai babur tun kana fiɗa, ba bayan ka gama ba. Ka rufe da yadi saboda ƙuda. In ka ga dare zai yi ba a iso ba, ka hura wuta ka yi banda. Idan kuwa ciwo ne ya kayar da ita farat ɗaya, musamman ka ga baƙin jini na fita ta hanci ko ta baya, kada ka sa mata wuƙa, kada ka ja ta ko'ina. Ka nemi ma'aikacin dabbobi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuƙa mai kaifi, igiya kamar gaba biyar da buhu biyu masu tsabta ba su da nauyi a jaka. Allah ya tsare dukiya, ya ba da sa'ar kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.