Gawa, soyayya da dariya: wa aka yi wa Lisa Frankenstein?

Yarinya ce zaune da allura da zare, tana ɗinke wa saurayinta kunne. Kunnen ba nasa ba ne, na matar ubanta ne, wadda saurayin ya kashe ɗazu. Shi kansa gawa ne, ya haura shekara ɗari a kabari kafin aradu ta faɗo ta tashe shi. An tsara wurin ne don mai kallo ya yi dariya, kuma dariyar yake yi.

Wannan shi ne Lisa Frankenstein, fim ɗin Amurka da ya fito ranar 9 ga Fabrairun 2024, ana sauran kwana biyar ranar masoya. Diablo Cody ce ta rubuta, Zelda Williams, 'yar marigayi Robin Williams, ta ba da umarni. Kathryn Newton ta fito a Lisa, budurwar da aka kashe mahaifiyarta da gatari, ta zama marar magana, ta mai da tsohuwar maƙabarta wurin hirarta. A Amurka an ba shi lambar PG-13, wato gargaɗi ga iyaye cewa wani abu a ciki bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. Gargaɗi ne kawai, ba a hana kowa shiga. A Birtaniya kuwa 15 aka ba shi, kuma can doka ce, wanda bai kai ba ba ya shiga silima. Fim ɗaya, hukunci biyu.

Ita wannan lamba tana da tarihi. A 1984 iyaye suka yi ca a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda aka ce yara na iya kallo, sai ga ana zaro zuciyar mutum daga ƙirjinsa. Steven Spielberg, da ke da hannu a duka biyun, ya ba da shawarar a samar da mataki tsakanin finafinan yara da na manya. Abin da aka ƙirƙira don kare yara shi ya koma kasuwa mafi tsoka. Fim mai lambar R ba ya karɓar ɗan ƙasa da 17 sai da babba, alhali matasa su ne masu cika silima ranar Juma'a da daddare. Twilight, labarin budurwar da ta kamu da son mashayin jini, ya tara wajen dala miliyan 400 a 2008. Warm Bodies ya biyo baya a 2013 da saurayi gawa mai cin ƙwaƙwalwar mutane. Five Nights at Freddy's da aka kashe wa kimanin miliyan 20 ya kusa kawo miliyan 300 a 2023. Dukansu PG-13 ne, kowa kuwa ya ga inda ruwa ke gangarawa. Don haka furodusa kan ɗauki fim na manya, ya kai shi ɗakin tacewa, ya rage jini, ya kawar da kyamara daidai lokacin da gatari ke sauka, ya bar ashar ɗaya tak, shi ke nan an sami lamba. Haka aka yi wa M3GAN, haka aka yi wa Lisa Frankenstein. (Shi dai Lisa Frankenstein dabarar ba ta fisshe shi ba, ko kuɗin da aka zuba bai mayar ba a silima.)

A nan gizo ke saƙa. Almakashi na iya yanke jini, amma ba ya yanke ma'ana. A wurin wata liyafa Lisa ta sha abin da aka zuba wa ƙwaya, wani ɗan ajinsu ya yi amfani da halin da take ciki ya kai mata hannu. Daga baya aka sare wannan hannun, aka ɗinka wa gawar. Wani saurayin kuma al'aurarsa aka yanke, cikin kiɗa da raha. A ƙarshe, da 'yan sanda suka matso, Lisa ta kwanta cikin gadon lantarkin da Turawa ke shiga don fatarsu ta yi duhu, ta sa masoyin ya murɗa wutar har ta ƙone. Hoton ƙarshe ya nuna su tare a kan benci, yana karanta mata waƙa. Ɗan shekara ashirin ya san ba'a ake yi wa finafinan shekarun 1980 da littafin Frankenstein na Mary Shelley na 1818. 'Yar shekara goma sha biyu da ke fama da maraici ko tsangwama a makaranta ba ta san waɗannan ba. Abin da ta gani shi ne wadda kowa ya ƙi ta rama da kisa, ta zaɓi mutuwa, kuma mutuwar ta yi mata kyau.

Ban ce tsoro kansa laifi ne ba. Mu ma da Dodo aka rene mu, muna maƙale da zanin kaka, muna roƙon a ƙara wata tatsuniya. Yaro na son ya ɗanɗani fargaba a inda ya san ba abin da zai same shi, kuma fim ɗin ya faɗi gaskiya game da yadda manya ke gaggauta wa mai makoki ya manta. Amma tsoro zalla yana sa yaro ya rufe ido. Idan aka gauraya shi da dariya da soyayya, ido a buɗe yake, ba abin da ke gaya masa ya kau da kai. Shi ya sa a ganina Birtaniya ta fi kusa da daidai: daga sha biyar zuwa sama, kuma gara da babba a kusa wanda za a iya yi wa tambaya.

Duk wannan lissafi na masu sayen tikiti ne. A wurinmu fim yakan zo ne ta shagon masu tura finafinai a waya, ko ta wayar aboki. Hukumar tace finafinai ta Kano ba ta gan shi ba, lambar da aka yi ta gardama a kanta a Los Angeles kuma ba ta biyo shi ba, suna ne kawai a cikin jerin sunaye, da hoto mai ruwan hoda kamar na wasan yara. Wata yarinya ta kwanta a tabarma bayan isha'i ta kunna, ƙanwarta 'yar shekara tara ta ɗora haɓa a kafaɗarta.