Yadda shafukan intanet ke tuna mai ziyara

Ɗalibai a Anka da Gummi da Bukkuyum da ke cike takardun neman gurbin karatu ta intanet sukan gamu da wata matsala: mutum ya cika shafi uku, sadarwa ta katse, da ya dawo sai ya tarar bayanansa sun ɓace.

Lamarin ya ƙara muhimmanci tun shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya.

Asalin matsalar shi ne ƙa'idar HTTP, wadda shafuka ke tafiya a kanta, ba ta riƙe komai. Duk buƙatar da aka aika, tamkar ta baƙo ce.

A shekarar 1994 ne Lou Montulli na kamfanin Netscape a Amurka ya ƙirƙiro kuki, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara.

A kansa aka gina tsarin da ake kira seshon, wanda ya yi kama da katin asibiti: majiyyaci na riƙe da lamba kawai, fayil ɗinsa kuwa na can a ofishin ajiya.

Haka ma babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato saba, kan ba mai ziyara lambar sirri. Sunansa da zaɓinsa sai a dunƙule su, a mayar da su rubutu, a ajiye. Da ya buɗe shafi na gaba, lambar ce za ta sa a ɗauko su.

Harshen PHP ya shigo da wannan tsari cikinsa a shekarar 2000. A saitinsa na asali, ana iya share bayanan da suka yi daƙiƙa 1,440, wato minti 24, ba a taɓa su ba.

Sai dai akwai haɗari. Duk wanda ya samu lambar zai iya shiga a matsayin mai ita. A shekarar 2010 wata manhaja mai suna Firesheep ta nuna sauƙin satar irin waɗannan lambobi.

Don haka mai amfani da kwamfutar haya ya tanadi takardunsa kafin ya fara, kuma ya latsa alamar fita kafin ya tashi, domin rufe shafi kawai ba ya soke lambar.