Ciyar da Ƙaramin Yaro Mai Zazzaɓi

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A ƙasarmu ta 'Yankwashi, da zarar damina ta kankama sauro ya yi yawa, sai ka ga zazzaɓi ya shiga gida-gida, daga Karkarna har Achilafiya. Ƙananan yara su ne suka fi shan wahalarsa.

Zazzaɓi yakan ƙone ƙarfin jiki kamar yadda wuta ke cin kara, ya kuma fitar da ruwan jiki ta hanyar gumi. Ga shi kuma yana kashe sha'awar abinci. Saboda haka idan uwa ta ce bari ta ƙyale yaro sai ya nema da kansa, to, ciwo biyu ke nan ya haɗu masa, ga zazzaɓi ga yunwa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, sai dai a ƙara yawan ba shi dare da rana. Wanda ya wuce haka, a ci gaba da ba shi nono, a haɗa da tafasasshen ruwan da ya huce, da abinci mai laushi, kamar kunun gyaɗa, ko faten wake, ko dafaffen ƙwai, ko ayaba. Koko tsararo cika ciki kawai yake yi. A yi shi da ɗan kauri, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da lallashi. Idan akwai gudawa, a dama gishiri da sukari na asibiti a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Iyayenmu mata, don Allah a bar ɗure. Idan aka toshe wa yaro hanci aka ɗura masa kunu, yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Kada kuma a ba wanda bai cika shekara ba zuma.

Amma fa abinci ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro. A kai yaro asibiti a gwada jininsa tun ranar farko. Idan ya ƙi kama nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas, a garzaya da shi Babban Asibitin Kazaure ko mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Bayan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako 2, don ya mayar da jikinsa. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi da damina. Idan masu rabonsa sun yi sallama, mu karɓe su hannu bibbiyu, domin rigakafi ya fi magani.

'Yan'uwana ɗalibai, idan mun je hutu mu isar da wannan saƙo gida. Allah Ya raya mana ƙannenmu, amin.